Lambobin Waya Masu Ruɗa Baƙo a Amurka

Lambar waya a Amurka tana da alƙaluma goma da aka kasa gida uku: ukun farko na yanki ne, uku na tsakiya suna nuna cibiyar da layin yake ƙarƙashinta, huɗun ƙarshe kuwa na mai layin ne. Tsarin, wanda kamfanin AT&T ya shimfiɗa a shekarar 1947, bai yarda gidan farko ko na tsakiya ya fara da 0 ko 1 ba, saboda haka matafiyin da aka rubuta wa lamba mai irin wannan farko zai iya tabbata cewa an yi kuskure wajen kwafa.

Abin da ya fi cin kuɗin baƙo shi ne Kanada da tsibiran Karebiyan da dama suna cikin wannan tsari, kuma dukansu da +1 ake kiran su. Lambar da ta fara da 876 ta Jamaika ce, 473 ta Giranada, 242 kuma ta Bahamas. Ana buga su kamar kiran cikin gida, amma a yawancin layuka kuɗin kiran ƙasar waje ake cirewa. Mafi haɗari ita ce 876, domin ido yana iya ɗaukar ta a matsayin 877 ko 866, waɗanda suke cikin lambobin kyauta tare da 800, 888, 855, 844 da 833. 'Yan damfara sun daɗe da gane haka, shi ya sa sukan yi filashin sau ɗaya su kashe, su jira a kira su. Irin wannan kira barin sa ya fi alheri. Lambobin kyautar ma suna da iyaka, tun da wanda ya shiga ƙasar da layinsa na Najeriya ko Nijar galibi zai biya kuɗin kiran. Lambar da ta fara da 900 kuwa ta musamman ce mai tsada.

A gida na tsakiya, 555 ce ta fita daban, domin an keɓe daga 555-0100 zuwa 555-0199 don finafinai da littattafai, ba a ba kowa su. Takardar gayyata ko ta masauki da ta zo da irin wannan lamba ta cancanci bincike kafin a biya ko sisi. Haka kuma, kafin a mayar da 988 lambar neman agaji ga masu matsananciyar damuwa a 2022, sai da yankunan da suke da cibiya mai farawa da 988 suka daina buga alƙaluma bakwai ko da kiran maƙwabci ne, don kada na'ura ta karkatar da kiran.

Ya fi dacewa a adana kowace lamba da +1 da alƙalumanta goma cif. Lambar gaggawa 911 ce. Mai kiran gida zai fara da 011 ko alamar +, sannan 234 tare da cire sifilin farkon lambar idan Najeriya ce, ko 227 da alƙaluma takwas idan Nijar ce.