Agogon Faransa da Na Gada

Tambaya: Na gaji agogon tebur na tagulla mai ruwan zinari, ƙirar Faransa. Ya dushe, ya tsaya. In goge shi in sayar?
Wata mai karatu, Yamai

Amsa: Hajiya, kada ki sa masa Brasso ko toka. Ruwan zinarin ba kauri gare shi ba, in ya kankare, daraja ta tafi. Buroshi mai laushi ya wadatar.

Buɗe bayansa ki nemi hatimi. In hatimin kamfanin Japy Frères ne, sun ƙera injinan agogo birjik a garin Beaucourt, don haka irinsu ba su da wuyar samu. Sunan Thomire kuwa, maƙerin tagulla na Paris a zamanin Napoleon, yana ɗaga farashi sosai, sai dai akwai jabu. Cire lilon cikinsa kafin ki kai wa ƙwararren mai gyara, kuma kada ki sallama sai masani ya kimanta shi.