Dusar Katako a Ɗakin 'Yan Tsaki da Zomaye

Mai kiwo yakan aiki yaro kasuwar katako ya ciko masa buhu da dusa, a shimfiɗa wa 'yan tsaki ko zomaye, ba wanda ya tambayi daga ina ta fito. Kwana kaɗan sai a ga tsako yana buɗe baki yana haki, ko zomo yana ta atishawa. A bazama neman magani, alhali cutar tana ƙarƙashin ƙafarsu.

Dusar iri biyu ce. Akwai mai laushi kamar gari, wadda zarto ke zubarwa, akwai kuma mai faɗi mai nannaɗewa da ke fitowa daga injin goge katako. Ta biyun za ka nema. Mai laushin ƙura ce zalla, tana shiga hanci da huhu, kuma tsakon da bai yi mako ba yakan ɗauka abinci ce, ya yi ta ci har ta toshe masa ciki.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne danshi. Dusar da ruwan damina ya doka a tsibi tana yin fumfuna, irin wadda ake kira Aspergillus, mai kama huhun tsako. In ta kama, magungunan da aka saba zubawa a ruwan sha ba sa yi mata komai. Don haka kafin a ɗura a buhu, damƙi dusar ka matse. In ta dunƙule a tafin hannunka, ko ka ji tana warin ruɓa, bar musu kayansu ko da kyauta ne.

Sannan ka tambayi kafinta. Dusar katakon da aka shafa wa maganin gara ko baƙin mai, da ta filawud da MDF masu gam a ciki, duk ba ta shimfiɗa ba ce, balle ga zomo da ba ya ganin abu bai gutsura ba. Mai sayen ta kanti da aka shigo da ita daga waje ya guji ta itacen cedar. Man da ke ba ta ƙamshi yana cutar da numfashi da hantar ƙananan dabbobi.

Ka shimfiɗa kaurin santimita 5 zuwa 10, ka rufa da takarda mai kaushi a kwana ukun farko har 'yan tsakin su gane abincinsu. Kullum ka kwashe inda ya jiƙe kusa da mazubin ruwa. Lokaci-lokaci ka durƙusa daidai tsayinsu ka shaƙa. In zarni ya sa idonka yaji, lokacin canji ya wuce. Inda dusa mai kyau ta yi wuya, busasshen buntun shinkafa zai yi wa kaji.