Amsoshin Tambayoyinku: Tsohuwar Mota Mai Taya Shida, Ko Za Ta Tashi?

TAMBAYA: Ni mazaunin Gumel ne. Na gaji wata tsohuwar mota daga wurin kawuna, wanda ya saye ta a gwanjo tun ina yaro. Tayoyinta shida, siffarta ta motar soja ce, babu lagireto a jikinta, kuma an rubuta Steyr-Puch a gabanta. Ta shekara da shekaru a ajiye cikin kango. 'Yan gwangwan sun taya, amma raina bai ba ni in sayar ba. Ina so in tashe ta a hankali don sha'awa, in riƙa zuwa gona da ita ta wajen Sule Tankarkar. Ta ina zan fara?

AMSA: Malam, Allah ya jiƙan kawunka. Bisa yadda ka siffanta ta, motarka Pinzgauer ce, samfurin 712. Kamfanin Steyr-Daimler-Puch ya fara ƙera irinta a birnin Graz na ƙasar Ostiriya a 1971, kuma sojojin Ostiriya da na Suwizalan ne suka fi amfani da ita. Sunan Steyr ba baƙo ba ne a Arewa, domin shi ne na masana'antar nan ta Bauchi da aka sani da haɗa manyan motoci da taraktoci. Kada ka ba 'yan gwangwan tukuna. Amma kada kuma ka ɗauko batir gobe ka ce za ka ji kukanta.

Fara da takardu. Nemo takardar gwanjon da kawunka ya karɓa, ka duba ko lambar shasin da ke ciki ta yi daidai da wadda ke jikin motar. Kana zaune a bakin iyaka, kuma ka san yadda hanyar Maigatari take da shingayen jami'ai, balle ranar Alhamis da kasuwa ke ci. Mota mai kamar ta soja ba za ta wuce ba a tambayi asalinta ba. Haka kuma dokar Najeriya ta hana farar hula hawa mota mai koren fenti irin na soja, don haka tun yanzu ka sa a ranka za ta sake launi. Idan takardun ba su samu ba, warware wannan kafin ka kashe ko sisi.

Daga nan ka shiga ƙarƙashinta, domin a nan darajarta take. Yawancin mutane inji suke fara dubawa, amma inji ana gyara shi, kai har sauya shi ana yi idan ta ɓaci. Abin da ba za ka samu a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna cikin sauƙi ba shi ne ƙafafunta. Za ka ga wani ƙaton bututun ƙarfe ya miƙe daga gaba zuwa baya. Shi ne ƙashin bayan motar, kuma a cikinsa sandar da ke kai ƙarfin inji ga tayoyi take, rairayi ba ya taɓa ta. Sannan a jikin kowace taya akwai ɗan akwatin giya na kanta, wanda ya ɗaga aksil sama da tsakiyar tayar. Shi ya sa cikinta ya yi nesa da ƙasa da fiye da santimita 30, ta kuma iya ratsa kwazazzabo da tudun rairayin da kan kafe ƙananan motoci a hanyoyin ƙauyukan Gagarawa.

Ka samu farin faranti da sifana. Kwance notin zubar da mai na kowane akwati, shida na tayoyi, uku na aksil, sai na giyabos da na ƙaramar giya, ka tari kaɗan ka kai rana ka duba. Mai baƙi mai kauri ba abin tsoro ba ne, tsufa ne kawai. Idan ya fito fari-fari kamar an dama shi da madara, ruwa ya shiga. Idan ka murza shi tsakanin yatsu ka ji tsakuwa-tsakuwa, ko ka ga ƙyalƙyalin ƙarfe, haƙoran giya sun ci juna. Akwati ɗaya ko biyu da suka lalace ana iya nemo kayansu daga Turai, inda har yau akwai masu sayar da su, sai dai da kuɗin waje za ka biya. In kuwa yawancinsu sun tafi, gaskiyar da zan gaya maka ita ce aikin ya fi ƙarfin sha'awa.

To, sai inji. Mai silinda huɗu ne, lita 2.5, yana shan fetur ta kafireta biyu, kuma iska ce ke sanyaya shi, shi ya sa ba ka ga lagireto ba. Cire fulogai, ɗiga baƙin mai a kowane rami, ka bar shi ya kwana biyu, sannan ka juya injin da hannu da sifana. Idan ya juya, alhamdu lillahi. Idan ya cije, kada ka yarda a ɗaura mata igiya a ja ta da tarakta don a tilasta shi. Da haka ake karya ringi a kuma karce silinda. A sauke tanki a wanke, domin tsohon fetur kan zama danƙo ya toshe kafireta.

Ina so ka kula da batun sanyaya injin nan sosai, saboda ƙasarmu ba Ostiriya ba ce. A watannin Afrilu da Mayu zafin Gumel kan haura digiri 40. Jikin kowace silinda akwai siraran fukafukan ƙarfe da iskar fanka ke bi ta tsakaninsu. Motar da ta daɗe a kango, za ka tarar zanzaro ya gina ɗakunansa a nan, ɓera ya tara tsumma, ƙurar hunturu ta haɗu da mai ta daskare. A kankare su tas. Murafan gwangwanin da suka lulluɓe injin kuma a mayar da kowanne mazauninsa, ko da bakanike ya ce maka ado ne. Su ne ke tilasta wa iska bin inda ake so, kuma rashin guda ɗaya ya isa ya ƙona silindar baya. Sabon fambel wajibi ne, ka ajiye wani a mota.

Wutarta volt 24 ce, batir biyu ke nan, kamar ta manyan motoci. Saboda haka mai rewayan da ya saba da tirela da roka za ka nema, ba na Golf ba. Birki kuwa a sake duk robobinsa da tiyoyinsa ba tare da an tsaya duba lafiyarsu ba. Mota ce mai ɗaukar kusan tan ɗaya da rabi, kuma yara za su taru duk inda ta tsaya.

Tayoyi shida sababbi kuɗi ne mai yawa, na sani, amma dole su zama girma ɗaya, tsufa ɗaya. Kusa da direba akwai hannuwa uku: ɗaya na sa tayoyin gaba su ja, biyu na kulle aksil don tayoyi su juya tare. Waɗannan na rairayi da taɓo ne. Idan ka kulle su a kan kwalta, ko tayoyin suka bambanta girma, giyoyin nan masu wuyar samu su ne za su biya. A cikin rairayi mai laushi, rage iskar taya kaɗan ya fi taka totur amfani.

Game da zuwa gona, za ta kai ka, har ta dawo da buhunan gero da riɗi. Sai dai tana shan mai, kuma ka san inda fetur ya kai tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Ka ɗauke ta motar lokaci-lokaci, ta damina da ta kaka. Ka nemo littafin gyaranta, ana samun sa a intanet, ka buga shi a takarda ka kai wa bakaniken da zai yarda ya duba littafi. Duk abin da za a kwance a ɗauki hotonsa da waya tukuna, notuna kuma a zuba su a leda daban-daban da rubutu. Walda da fenti su ne na ƙarshe, bayan ta yi tafiya ta kuma tsaya da birkinta. Idan ka zubar da man akwatunan nan, rubuto mana abin da ka gani a farantin, sai mu san mataki na gaba.