Ɗana, Kada Ka Kai Hannun Nan Bakin Wuta

Ɗana, idan adda ta taɓa saran ka a wuyan hannu, ko ka faɗi kan kafaɗa daga acaɓa a hanyar Kafanchan zuwa Zonkwa, to maganar nan taka ce. Haka ke ma 'yata, da wuƙa ta yanke ki wajen tsaga citta a Kwoi ko Kachia. Rauni ya warke, sai tabo, amma da iskar hunturu ta gangaro daga duwatsun Kagoro sai yatsu su ɗau zugi, su sage, wani lokaci su yi fari fat. Mutanen gida su ce raki ne, wasu su ce sammu. Ba ko ɗaya. Yawancin waɗanda jijiyar hannunsu ta taɓa yankewa suna fama da wannan, wasu shekara da shekaru.

Manyan jijiyoyi uku ne ke kai saƙo tsakanin hannu da ƙwaƙwalwa. Ban da ji da motsi, su ne ke sa hanyoyin jini su tsuke cikin sanyi, su buɗe in an ɗumama. Wadda ta yanke, ko likita ya ɗinke ta, tofowa take a hankali, kimanin milimita 1 a rana, wato inci guda a wata. Wanda rauninsa ke gwiwar hannu zai haura shekara kafin ta isa kan yatsu. Kuma sabon tofin bai cika daidaita ba: jini ya janye da wuri, ya yi nawar dawowa, ɗan sanyi kaɗan a ji shi kamar ana tsira allura.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne jin ɗumi. Daga Disamba zuwa Janairu kowa na kewaye da wuta da sassafe, kuma hannun da ke zugi shi ake fara miƙawa. Alhali fatar da jinta ya ragu ba ta sanar da mai ita cewa tana ƙuna, sai dai a ga bororo ya tashi, ciwon kuma ya yi wuyar warkewa. Don Allah kada ka gasa shi a garwashi. Sa shi a hammata ko cikin riga, ɗumin jikinka ya isa. Ruwan wanka, na alwala ko na wanke-wanke, a sirka shi, ka gwada da lafiyayyen hannun tukuna.

Ka rufe jiki gaba ɗaya, har kai da ƙirji, domin in jiki ya ji ɗari, daga yatsu yake fara janye jini. Ka sa safar hannu tun kana ɗaki, kafin sanyin ya kama, wadda ba ta matse ba. Ɗan acaɓa ya nemi wadda iska ba ta ratsawa. Masu wankin citta a rafi, a jira rana ta ɗaga. Ku kuma iyayen gida, ku sauya wa mai irin wannan hannu aiki ba tare da gori ba.

Taba sigari tana ƙara tsuke hanyoyin jini, ka bar ta. Tramadol na kan tebur kuwa, matsalar da zai jawo ta fi zugin.

In raunin sabo ne, yatsa ya daina ji ko ya ƙi motsi, kada a tsaya ɗori da shafe-shafe. Tsokar da ta rasa jijiya fiye da shekara guda zuwa ɗaya da rabi da wuya ta farfaɗo. Ka je babban asibitin da ke Kafanchan a duba ka. In aikin ya fi ƙarfinsu, ka nemi takardar zuwa asibitin koyarwa na Jos, ko na Shika a Zariya, ko asibitin ƙashi na Dala a Kano. Atisayen da masu gashin ƙashi suka koya maka kuwa, ka riƙe shi kullum, ko da kana ganin ba ya ƙara komai. Allah Ya ƙara sauƙi.