Darasin Wannan Wata: Jirgin Ƙasa Daga Baro Zuwa Kano, Da Manomin Gyaɗa

A wannan wata za mu ɗan ajiye maganar taki da iri, mu dubi tarihin hanyar jirgin ƙasa ta farko da ta shigo ƙasar Kano. Wani zai ce, ina ruwan manomin Rurum da reluwe, tun da layin bai bi ta garinmu ba? Gaskiya ne, bai bi ba. Ya wuce ta yamma da mu, ta Dangora da Madobi, ya haye Kogin Challawa ya shiga birni. Amma da wuya a sami gonar da bai taɓa ba a ƙasar nan, har da ta kakanninmu.

Abin da Turawa suke nema

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903. A lokacin nan masu masaƙu a Ingila suna neman inda za su sami auduga, gama sun gaji da dogara ga ta Amurka kaɗai. Tun 1902 suka kafa ƙungiyar noman auduga da aka sani da BCGA. Sun ji labari cewa ƙasar Hausa ƙasar auduga ce, amma ba hanyar fitar da ita. Jaki da raƙumi ba za su kai kaya bakin teku da araha ba.

A 1907 gwamnatin Ingila ta yarda a shimfiɗa hanyar. Gwamnan Arewa na lokacin, Percy Girouard, mutumin Kanada ne, injiniyan reluwe kuma, ya taɓa yin irin wannan aiki a Sudan. Aka fara daga Baro, wani ƙaramin gari a bakin Kogin Kwara, domin jiragen ruwa suna iya kawo ƙarafa da injuna har can idan kogi ya cika. Hanyar ta bi ta Minna, ta haye Kogin Kaduna, ta ratsa Zariya. Tsawonta mil 356 ne. A watan Maris na 1911 ƙarfen ya iso Kano, zamanin Sarki Abbas. A 1912 aka buɗe ta sosai domin ɗaukar kaya, aka kuma haɗe ta da layin da ya taso daga Ikko. Amma a Jebba sai dai a ɗora taragai a jirgin fito, don ba a gama gadar Kwara ba sai 1916.

Aikin diga

Turawan da suka tsaya kan aikin kaɗan ne. Talakawa ne suka sare daji, suka haƙa ƙasa, suka ɗauke ta a ka. Ba su zo da son ransu ba. Joji ya faɗa wa sarki yawan mutanen da ake so, sarki ya aika wa hakimi, hakimi ya aika wa dagaci, dagaci ya shiga gida gida. Wanda ba shi da mai tsaya masa, shi ake fara kamawa. Abin haƙan da aka ba su shi ne diga, shi ya sa har yau dattawa suke kiran aikin tilas na hanya aikin diga. Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, wanda aka yi aikin a zamaninsa, har waƙa ya rubuta a kai, ana kiranta Waƙar Diga.

Akwai wani abu da ya kamata mu lura da shi. Da kuɗin ƙarfe aka riƙa biyan leburori, ba da wuri ba. Ba a daɗe ba gwamnati ta ce haraji ma da sule da kwabo take so. To, manomin da ba shi da komai sai dawa a rumbu, ina zai sami sule? Dole ya noma abin da kanti yake saye.

Aka nemi auduga, aka sami gyaɗa

A nan lissafin Turawa ya ɓaci. Ƙasarmu tana da masaƙa da marina tun kaka da kakanni. Kada mu manta, a labarin Hausa Bakwai Kano da Rano su ne sarakunan baba. Masu kaɗi da saƙa na gida suna sayen auduga da kuɗin da ya fi na BCGA, saboda haka manomin Kano bai ga dalilin kai tasa wurin Bature ba.

Daidai wannan lokaci kuwa masana'antu a Turai suka gano yadda za su daskarar da man gyaɗa ya zama kamar man shanu. Farashi ya tashi. Fataken goro na Kano, irin su Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo da Alhassan Dantata, suka gane cinikin kafin kowa. Suka aika yaransu ƙauyuka da gishiri da tufafi, ana ba manomi tun da damina, shi kuma ya yi alkawarin kawo gyaɗa da kaka. Manomi ya yi nasa lissafin. Gyaɗa tana son jigawa, tana zama tare da gero a gona ɗaya, tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, harawarta abincin dabbobi ce. In yunwa ta matsa ana cin ta, ba a cin auduga. A 1911 gyaɗar da Nijeriya ta fitar ba ta kai tan 2,000 ba. A 1913 ta wuce tan 19,000. Jakuna suka cika titunan Kano da buhuna, har reluwe ta rasa taragan ɗauka.

Mu a nan kudu, sai an ɗora wa jaki, an haye Kogin Kano, kafin a kai wurin sikeli. Kuɗin wannan tafiya kuwa daga aljihun manomi yake fita, ko da bai gani ba, gama mai saye yakan cire shi tun a bakin gona.

Sai damina ta 1913 ta ƙi. Yunwar da ta biyo baya a 1914, wadda ake kira Kakalaba, ta kashe mutane da yawa a ƙasar Kano. Ba mu ce gyaɗa ce ta kawo ta ba, rashin ruwan sama ne. Amma gidan da ya rage gonar hatsi domin gyaɗa, ya kashe kuɗin a haraji da tufafi, ya tarar sulen da ya rage ba ya sayen abin da yake saye bara. Jirgin da ya kwashe gyaɗa da sauri bai kawo hatsin da zai ishi jama'a ba. Bayan wannan, manoma da yawa suka koma ga gero da dawa, sai a 1916 gyaɗa ta sake tashi, ta kai tan 50,000.

Dalar gyaɗa

Mun saba ganin hoton dalar gyaɗa ta Kano muna alfahari da ita. Ba laifi. Amma a ganinmu, dala alama ce ta kayan da suke jiran jirgi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu reluwe ta yi ƙarancin injuna, gyaɗar bara takan tarar da ta bana a fili, ƙwari suna ci. A 1949 aka kafa hukumar sayen gyaɗa. Ita take yanke farashi, ita take ba manyan 'yan kasuwa lasin saye, kuma shekara da shekaru kuɗin da take ba manomi bai kai na kasuwar duniya ba. Da rarar aka yi ayyuka da dama a Arewa, amma ba a tambayi mai gonar ba. Tsakaninsa da hukuma akwai mai lasin, da yaronsa, da ɗan baranda, kowa da abin da yake gutsura, sikeli kuma yana hannunsu.

Fari na 1972 zuwa 1974, da cutar kuturun gyaɗa ta 1975, su suka rushe dala. Man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, manyan motoci suka ƙwace kayan jirgi, a 1986 kuma aka rushe hukumomin sayen amfanin gona.

Aikin da za mu yi a taro mai zuwa

A 2021 aka ƙaddamar da aikin sabon layi daga Kaduna zuwa Kano, da wani daga Kano zuwa Maraɗi. Ko ta jirgi ko ta mota, mai saye zai ci gaba da zuwa da kaka, yau domin masara ko shinkafa ko waken suya. Saboda haka muna roƙon magatakardan kowace ƙungiya ya zo da littafinsa. A rubuta nawa aka sayar da buhu a Rurum a makon girbi, nawa buhun nan ya kai a kasuwar Dawanau a makon nan, nawa ne kuɗin mota da na lodi. A rubuta kuma mutum nawa a cikinmu suka karɓi kuɗi ko taki tun da damina a kan alkawarin buhu. Kada a kira sunan kowa, yawansu kawai muke so. Kowane mai gida ya lissafta buhun hatsi nawa iyalinsa suke ci daga kaka zuwa kaka, kafin a yi maganar wanda ƙungiya za ta tara ta sayar tare.

In akwai dattijo a unguwarku da ya taɓa kai gyaɗa sikeli a kan jaki, ku gayyato shi ya zauna tare da mu. Matasa su zo da takarda su rubuta abin da zai faɗa.