Shawara kan Man Fata Mai Ɗauke da Bitamin A

Man shafawa mai ɗauke da retinol, wato wani nau'in bitamin A, yana ratsa saman fata sannu a hankali, sannan ƙwayoyin fata su mayar da shi sinadarin da ke hanzarta sabuntawarsu, kaɗan ne kuma ke shiga jini har hanta ta sarrafa shi. Da yake hasken rana na lalata shi, iskar hunturu kuma na busar da fata a ƙasar Tchaké, ya dace a shafa misalin ƙwayar wake da dare, a bi da man kaɗanya. Mai juna biyu ta guje shi, wanda fatarsa ta tsage kuwa ya dakata, domin tsagaggiyar fata ta fi tsotsarsa, ya nemi likita a Tasawa ko Mayahi.