Abin Hawan Da Ya Dace Da Hanyar Gona

Idan kuɗin albasa suka shigo hannu, manoman Minanata da yawa sukan fara shawarar sayen abin hawa. To, kafin ka tafi ciniki, fara duba hanyar gonarka tukuna, ita za ta zaɓa maka.

Hanyoyinmu iri biyu ne: rairayin tudu, kamar wajen Dange da Shuni, da lakar fadamar Rima, irin ta Kwalkwalawa. Babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya ya fi araha, ba shi da shan mai, amma tayoyinsa ƙanana ne. Da rani ya yi maka aiki, ruwa na sauka sai ya kafe. Motar da ƙafafunta huɗu duka ke ja, watau irin su Hilux, ita ke ratsa duka biyu. Sai dai kuɗinta ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai ƙungiyar gama kai. In tsohuwa ce, durƙusa ka leƙa ƙarƙashinta, ko da tsatsa ko mai na ɗiga. A sa mata giyar ƙafa huɗu a gabanka, ka ga ta shiga. Sa'an nan tambayi makanike ko ana samun kayan gyaranta a Sakkwato. Babur mai ƙafa huɗu a nan ya faɗi, kayansa wuya gare su, ga saurin kifewa.

Mai eka biyu ko uku kuwa, ni dai amalanken shanu na fi so masa. Abincinsu harawa, kashinsu taki, su yi maka huɗa da damina, in sun yi ƙiba ka sayar ka sayi 'yan bijimai.